Tsohon Babur Ɗin Da Ya Fara Cin Tseren Paris–Dakar

 Yau labarin babur za mu yi, ko mashin kamar yadda wasunmu ke cewa. Amma fa ba irin na acaɓa ko na zuwa kasuwa ba. Wani tsohon babur ne ƙirar Japan mai suna Yamaha XT500, wanda idan ka gan shi yau a jingine a garejin bakanike, ba lallai ka sake waiwayarsa ba. To wannan babur shi ne ya fara cin tseren Paris–Dakar, tseren da ya ratsa ta Agadas da Yamai. Tambayarmu ita ce: me ya sa shi ya ci, alhali ga motoci masu ƙarfi a cikin tseren?

Bari mu fara da babur ɗin kansa. Kamfanin Yamaha ya fito da shi kasuwa a 1976. Fistin ɗaya gare shi tak, amma ƙato, injin mai girman cc 499. Giya biyar. Ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya injin. Ba shi da sitata, sai dai kik. Kuma kik ɗin nasa ba na wasa ba ne. Akwai wani ɗan hannu a gefen hagu da ake matsawa don rage matsin da ke cikin injin, akwai kuma ɗan gilashi a saman injin da kake leƙawa ka ga ko fistin ya zo daidai wurin. Idan ka daidaita, bugu ɗaya ko biyu ya tashi. Idan ka yi gaggawa, kik ɗin ya dawo ya maka maka a ƙafa. Masu shi har yau suna ba da labarin idon sawun da ya sha wuya.

Wani abin kuma, baƙin mansa ba a ƙasan injin yake taruwa ba, a cikin ƙarfen jikin babur ɗin ake zuba shi. Wannan ya sa ƙasan injin bai sauko sosai ba, dutse ba ya saurin fasa shi. Ku riƙe waɗannan bayanai, za mu dawo kansu.

A 1977 wani matashi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya shiga wani tsere da ake yi daga Abidjan zuwa birnin Nis na Faransa, a kan XT500. A can ƙuryar hamada, wajejen iyakar Nijar da Libiya, ya saki hanya ya ɓata. Ya yi kwanaki shi kaɗai, ruwa ya ƙare, har sai da jirgin sama ya hango shi aka ɗauke shi. Ni da kai da haka ta faru da mu, ai ko hoton rairayi ba za mu so gani ba. Shi kuwa da ya koma gida, sai ya ce wurin nan da ya kusa kashe shi, nan zai kai mutane su yi tsere.

Haka kuwa aka yi. Ranar 26 ga Disamba 1978, ababen hawa 182 suka tashi daga birnin Paris: babura 90, motoci 80, manyan motoci 12. Suka gangara kudancin Faransa, jirgin ruwa ya tsallaka da su Aljeriya, suka keta Sahara ta Tamanrasset, suka shigo Nijar ta Agadas, suka wuce Yamai, suka shiga Mali ta Gao da Bamako, sannan Senegal. Tafiyar kusan kilomita 10,000. Ranar 14 ga Janairu 1979 aka isa Dakar, kuma 74 ne kawai suka kai.

Ku tuna, a lokacin babu GPS, babu wayar salula. Ɗan littafin hanya ne da kamfas, sai kuma idonka. Yawancin mahayan ba ƙwararru ba ne, mutane ne da suka tara kuɗinsu suka sayi babur suka yi masa kwaskwarima. Tankin XT500 na asali bai kai lita 9 ba, wanda a Sahara wannan ba komai ba ne, don haka sai aka riƙa ƙera masa manyan tankuna. Mahayi ya tashi da asuba, ya wuni a rana, ya iso zango da dare, sannan ya zauna gyara: ya kakkaɓe matatar iska, ya ɗaure cen, ya yi faci, ya duba fulogi. Idan ya samu barcin awa kaɗan ya gode.

A nan ne sauƙin babur ɗin ya yi rana. Babu lagireton da zai huje ruwa ya tsiyaye a inda babu ruwa. Batir ya mutu, ba zai hana shi tashi ba, tunda wutar fulogi daga injin take fitowa. Kabureta ɗaya ce, idan yashi ya shige ta ka kwance ka wanke ka mayar. Kusan duk abin da zai lalace, mutum ɗaya da 'yan sifanu zai iya gyarawa a gindin bishiya, in ma akwai bishiyar. Kuma idan ya kafe a rairayi, kai kaɗai za ka ciccibe shi. Mota kuwa sai an yi haƙa.

Wanda ya zo na ɗaya shi ne Cyril Neveu, ɗan shekara 22, a kan XT500. Na biyu ma, Gilles Comte, XT500 ne. A shekarar lissafi ɗaya aka yi wa babura da motoci, kuma mota ta farko, wata Range Rover, ta huɗu ta zo. Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki: Neveu bai zo na ɗaya a ko zango ɗaya ba a duk tafiyar. Waɗanda suka fi shi gudu, wani ya faɗi ya ji ciwo, wani ya ɓata, wani injinsa ya buga. Shi dai kullum yana isowa, shi da babur ɗinsa lafiya. Sannu ba ta hana zuwa. A 1980 ya sake cin ɓangaren babura a kan XT500 ɗin dai.

Amma kada mu ba da labarin kamar daɗi ne zalla. Tun a wannan tsere na farko aka yi rashin rai. Wani mahayi mai suna Patrick Dodin ya faɗi a kusa da Agadas yana ƙoƙarin gyara hular kwanonsa a kan tafiya, ya bugu a kai, ya rasu. Shi kansa Sabine, ranar 14 ga Janairu 1986, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a Mali ana tsakiyar tsere, shi da mutum huɗu, ciki har da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine. A hamadar Tenere ta Nijar akwai wata bishiya tilo da aka sa wa sunansa.

Waɗannan dai sun san haɗarin suka shiga. Akwai kuma waɗanda ba su shiga komai ba, a garinsu tseren ya same su. Motocin tsere sun kaɗe mutanen ƙauyuka a hanya, cikinsu har da yara. A 1988 wata yarinya 'yar shekara 10 ta rasu haka a garin Kita na Mali. Sunayen zakarun suna nan a rubuce, amma na waɗannan ba kasafai ake tunawa da su ba. Shi ya sa tun a lokacin wasu ke sukar tseren, suna cewa masu kuɗi sun mai da ƙasashen talakawa filin wasa.

A ɗaya gefen kuma, Agadas ta ci moriya. Duk shekarar da tseren ya biyo, masu masauki, masu sayar da mai, makanikai, maƙeran azurfa da 'yan jagora sukan samu ciniki. Mano Dayak, Ba'abzinen da ya yi suna wajen kai baƙi yawon hamada kafin ya zama jagoran tawaye, ya yi aiki tare da Sabine. A 1983 tseren ya keta Tenere a karon farko, guguwar rairayi ta ɓatar da kusan mutum 40, sai da aka yi kwanaki ana tsinto su da jirgi. A wannan shekarar Yamaha ta fitar da magajin XT500, ta sa masa suna Ténéré. Har gobe akwai baburan Yamaha masu wannan suna a titunan duniya, kuma da yawa daga masu hawansu ba su san cewa sunan wani yanki ne na Nijar ba.

Daga nan abubuwa suka sauya. Manyan kamfanoni irin su BMW da Honda suka shigo da kuɗi da injiniyoyi da babura masu fistin biyu, ɗan babur mai sauƙi ya zama tsohon yayi. A ƙarshen shekarun 1980 aka daina ƙera XT500. Tsaro ma ya taɓarɓare. A 1997 an yi tseren daga Dakar zuwa Agadas a dawo, amma a 2000 sai da aka kwashe 'yan tsere da motocinsu a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. A 2008 aka soke shi gaba ɗaya bayan an kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya. A 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Sunan Dakar yana nan, amma tseren ya daina zuwa Dakar.

Babur ɗin kuwa bai mutu ba. A Turai, musamman Jamus da Faransa, akwai masu nemo tsofaffin XT500 da suka yi shekaru a ajiye, su kwance su gaba ɗaya, su sauya ringi, su wanke kabureta, su sake fenti, har ana ƙera musu sababbin kayan gyara. Suna haɗuwa su hau, wasu su shiga tseren tsofaffin babura. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa bayan kusan shekara 50 shi ne dai abin da ya sa ya ci a 1979: mai shi yana iya fahimtarsa, yana iya gyara shi da hannunsa. Baburan tseren yau sun fi shi gudu nesa ba kusa ba, amma idan na'urar cikinsu ta samu matsala, sau da yawa sai an jona kwamfuta kafin a san ciwon.

Don haka 'yan uwana matasa masu son mashin, masu ɗaga tayar gaba ranar biki, ga abu biyu daga Agadas ta 1979. Wanda ya ci tseren ba shi ne ya fi kowa gudu ba, shi ne wanda ya san injinsa ya kuma iso kullum da ransa. Wanda ya fara rasuwa kuma, igiyar hular kwano ce bai ɗaure ba kafin ya tashi.

Idan akwai wanda ya taɓa ganin wucewar tseren nan da idonsa a Agadas ko Yamai, ko ya ji labarin a bakin iyaye, muna son ji daga gare shi.