Buhari da Mai Shahada: Jarumai Biyu a Gari Ɗaya

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka taɓa karanta labaran Girkawa za su tuna da jaruman nan biyu na yaƙin birnin Taroi, wato Akilis da Hekta. Akilis ya yi fushi da shugaban rundunarsu, Agamemnon, ya janye daga fagen fama. Hekta kuwa ya tsaya kare garinsu har aka kashe shi a bayan ganuwa. To, Haɗejia ma ta haifi irin waɗannan mazaje, kuma nata ba tatsuniya ba ne.

Sarki Buhari ɗan Sambo ya hau gadon sarauta a 1848. Bayan ya kashe ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo, sai Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari bai haƙura ba. Ya komo a 1851 ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Da aka tattaro runduna daga Kano da sauran masarautu don a ladabtar da shi, sai ya tarwatsa ta a Kaffur a 1853. Tun daga nan bai sake miƙa wuya ga Sakkwato ba, har ya rasu a 1863 wajen yaƙi da Badawa a Gogaram. A nan ya sha bamban da Akilis, domin shi Akilis zamansa ya yi a tanti, Buhari kuwa takobi ya zare wa na sama da shi. Mu a gida muna yi masa kirari, amma a garuruwan da ya ci, irin su Marma, labarin daban ne.

Sarki Muhammadu shi ne Hektanmu. Turawa sun ci Kano da Sakkwato tun 1903, saboda haka ya san irin ɓarnar da bindiga mai ruwa take yi wa dawaki. Duk da haka ya ƙi sharuɗɗan da aka aiko masa. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, sojojin Kanar Lowry Cole suka shiga birnin, aka yi ta gwabzawa lungu-lungu har ƙofar fada. Nan sarki ya faɗi tare da manyan jarumansa, shi ya sa har gobe ake kiransa Mai Shahada.

A ganina, nasa ya fi nauyi, don Buhari yana fita ne da sa ran nasara, shi kuwa Muhammadu ba shi da wannan tsammanin.