Jagoran Cikin Mota da Asalin Kwane-Kwanensa

A wannan 'yar maƙala ina so in bi diddigin wani abu da direbobi ke yawan kuka da shi, wato yadda na'urar nuna hanya takan bar titi miƙaƙƙe ta yi ta kutsawa da mota lungu-lungu. A ganina sai an koma ga tarihinta kafin a gane dalili.

Tushen abin lissafi ne. A 1956 wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya ƙago dabarar gano hanya mafi gajarta tsakanin gari da gari, cikin kamar minti 20, yana zaune a wani shagon shan gahawa a Amsterdam. Ya gwada ta a kan taswira mai garuruwa 64, aka buga ta a 1959. Dabarar ita ce a ba kowane yanki na titi lamba, sannan a tara. Wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ce hanya. Ke nan lamba kaɗai na'ura take gani, ba ta san kwalta ba balle laka. Jikokin wannan dabara ne ke cikin motoci har yau.

Da aka haɗa ta da taurarin ɗan'adam na GPS, sai ga wata matsala: sojojin Amurka sun rage daidaiton saƙon da gangan, kuskure yakan kai mita 100, har zuwa watan Mayu na 2000.

Amma babban canji wayar hannu ce ta kawo shi. Lambar nan ta koma lokaci, wanda ake aunawa daga saurin wayoyin da ke kan titi. In lungu ya fi babban titi sauri da minti ɗaya tak, lungu za ta zaɓa, kuma kowa shi za ta nuna wa. Shi ya sa a 2018 garin Leonia na jihar New Jersey ya hana baƙi bin ƙananan titunansa a lokutan cunkoso. Simon Weckert kuwa ya ja wayoyi 99 cikin 'yar amalanke a titunan Balin, Google Maps ta ɗauka cunkoso ne alhali titi wayam.

Bahaushe ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, to wannan ba ya cikin lissafin. A watan Yuni na 2019 haɗari ya tare hanyar filin jirgin saman Denver, na'ura ta karkatar da motoci kusan 100 zuwa wata hanyar burji da ruwan sama ya jiƙa, na gaba suka maƙale a laka, na baya suka rasa wurin juyawa.