'Yan Mazan Jiya da Bindigoginsu: Daga Yaƙin Bama Zuwa Yaƙin Basasa

Duk wanda ya taɓa zama da 'yan mazan jiya ya san cewa ba a daɗe ana hira sai zance ya koma kan bindiga. A shekarun da na yi ina tattara tarihin baka daga tsofaffin sojoji, na lura cewa mutum zai iya manta sunan garin da aka yi artabu, amma ba ya manta irin bindigar da ya riƙe, da nauyinta, da halinta in ruwa ya taɓa ta.

Sojojinmu da suka tafi Bama sun tafi ne cikin Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, da Runduna ta 82 da ta bi bayanta a 1944. Bindigar da aka fi ba su ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai harsashi .303. Gidan harsashinta yana cin guda 10, ana kuma ɗura su biyar-biyar. Ba ta sarrafa kanta: in soja ya harba, sai ya ja sakata baya ta tofar da kwanso, ya mayar da ita ta ɗauko wani harsashin. Nauyinta ya kai kimanin kilo 4. Samfurinta na huɗu shi ne mutanenmu suka laƙaba wa Mak Fo.

Mai karatu zai iya zaton cewa soja zai fi son bindigar da ke feshin wuta. Ai kuwa akwai irinta a hannunsu, wato Sten, mai cin harsashi 32, ga ta gajera ga sauƙin ɗauka. Amma mafi yawan waɗanda na ji daga bakinsu ba su yarda da ita ba. Takan cije in datti ya shige ta, kuma takan tashi da kanta in ta faɗi ƙasa da ƙarfi, har ta raunata na gida. A kwarin Kaladan, inda Runduna ta 81 ta yi yaƙi a 1944, da laka da danshi da tsatsa su ne abokan zama. Lee-Enfield kuwa, muddin an goge ta an shafa mata mai, ba ta ba da kunya.

Akwai wani dalili kuma da ba a cika faɗa ba, wanda a ganina shi ne babba. A wancan daji babu hanyar mota. Jiragen sama ke jefo kaya, sannan sojojin dako, waɗanda akasarinsu adda ce makaminsu, su ɗora a ka su bi duwatsu da shi. Kowane akwatin harsashi wuyan wani ne ya ɗauko shi. Saboda haka bindigar da ke tilasta wa mutum ya auna kafin ya ja kunama ta fi dacewa da halin da ake ciki. Bugu da ƙari, mashingan Bren, wadda ita kam kowa yana yabonta, harsashi ɗaya take ci da Lee-Enfield, don haka in na wannan ya ƙare sai a ɗebo daga na waccan. Bindigar Japanawa, Arisaka, guda 5 kawai take ci, kuma wannan ma yana cikin abin da tsofaffin ke taƙama da shi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, an sake kiran tsofaffin sojoji, wasunsu 'yan Bama, suka tarar zamani ya juya. Masana'antar makamai da aka kafa a Kaduna a 1964 tana harhaɗa BM59 ta kamfanin Beretta na Italiya. Ga FN ta Beljiyam, ga G3 ta Jamus, sannan ga Kalashnikov da ta zo daga Tarayyar Sobiyat. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura har ta kai kusan 250,000 kafin 1970, kuma da yawa makonni kaɗan suka yi suna horo.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Masu son FN suna yabon nisan zangonta da ƙarfin bugunta. Waɗanda suka yi yaƙi a fadamu da rafukan kudu kuwa sun fi karkata ga Kalashnikov, mai cin harsashi 30, domin ba ta damu da laka ba, kuma sabon shiga yakan iya kwance ta ya ɗaura cikin yini guda. Sai dai harsashinta bai shiga FN ko G3, ko da yake faɗin bakinsu ɗaya ne, domin nata ya fi gajarta, abin da ya riƙa wahalar da masu rabon kaya. 'Yan Bama kuma, kamar yadda aka san dattawa, ƙorafinsu shi ne yaran suna ɓarin harsashi kamar masu shuka gero.

Ita kuwa Mak Fo, bayan soja sun ajiye ta, ta yi shekaru masu yawa a kafaɗar 'yan sanda, kuma a nan ne yawancin malaman makarantunmu na yau suka fara ganinta, ba tare da sanin cewa irinta ce kakanninsu suka shiga Myohaung da ita a watan Janairun 1945 ba.