Daga Tufaniya Zuwa Jamlok: Tarihin Rufe Ƙofa a Illela

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi arewa, ya wuce Kware da Gwadabawa, har ya sauka Illela bayan tafiyar kilomita 80 da 'yan kai, in ranar Lahadi ya zo, ba abin da zai cika masa ido sai shanu da raƙuma da buhunan hatsi da albasa, da taron mutanen Ƙonni da na Adar waɗanda suka ƙetaro iyaka daga Nijar domin cin kasuwa. Amma in Allah ya nufe shi da kwana har kasuwa ta watse, ya fita da sassafe kafin masu shaguna su buɗe, to, abin da zai gani jerin ƙyamaren ƙarfe ne, kowane da kwaɗo biyu ko uku rataye, domin garin da ke cin abinci a bakin iyaka garin ajiya ne, dukiyar da ke kwana cikinsa kuwa galibinta amanar waɗansu ce da ke nesa. A irin wannan gari, ranar da sakata ta cije ko harshen makulli ya ƙi komawa, ba ƙaramar mas'ala ba ce ga mai ita, ko da yake ba a taɓa jin an rubuta ta cikin tarihi ba.

A zamanin da, talakan wannan yanki bai san wannan wahala ba, saboda ba shi da abin da zai cije. Ɗakinsa na laka ne ko na kara, bakin ɗakin kuwa tufaniya ce ko asabari, ko gambun da aka ɗaure da karan dawa, in dare ya yi a jawo shi a tokare da itace daga ciki. Abin da ake nema a wurin wannan rufi sutura ce da tsare iska da akuya da kura. Tsaron dukiya kuwa yana ga dangi da maƙwabta da kare, da kuma katangar gari inda akwai ta. Ƙyauren katako sai gidan sarauta da na attajirai da malamai masu hali, shi ma a bakin zaure da ɗakin ajiya kaɗai, domin itacen da za a sassaƙa allo mai faɗi daga jikinsa abu ne mai wuya a ƙasar da ruwanta bai wuce na watanni huɗu ba. Masassaƙi ya fere alluna da gizago, maƙeri ya haɗa su da ƙusoshi da ɗaurin ƙarfe, a bar ƙafa guda a ƙasa ta zauna cikin ramin dutse ko na guntun itace, a bar ƙaho guda a sama ya shiga cikin azara, ƙyaure ya riƙa juyawa a kansu yana kuka, kukan nan ma wani tsaro ne, don ba mai buɗe shi da dare maigida bai ji ba.

Hikimar da ke cikin wannan gini, wadda mutanen yanzu ba su cika lura da ita ba, ita ce an yi shi da sanin cewa bangon laka ba ya tsayawa wuri guda. Yakan sha ruwa da damina, ya bushe da rani, ya ɗan zauna, azara ta ɗan lanƙwasa. Amma da yake sakatar itace ce mai kauri da ke shiga rami mai faɗi a jikin bango, ko ƙyauren ya sauka da faɗin yatsa biyu, sakata za ta sami hanyarta, in ma ta ƙi, sai a sa wuƙa a ƙara ramin, a kwaɓa laka a gyara gefensa, magana ta ƙare ba a kira kowa ba.

Manyan ƙofofi kuwa na birane ne. Bayan da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809 aka kewaye ta da ganuwa, aka yi mata ƙofofi waɗanda sunayensu suka wanzu har yau, kamar Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya. Baturen nan Clapperton, wanda ya sauka birnin a 1824, ya ba da labarin cewa ana rufe su kullum da faɗuwar rana. Wanda yake son ya ga irin ƙyamaren da ake rufe birni da su a ƙasar Hausa, ya je Gidan Makama a Kano, inda aka ajiye waɗansu da aka lulluɓe da sassan ƙarfe. Ƙonni ma birni ce mai ganuwa, har zuwa watan Mayu na 1899, lokacin da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka mata da igwa, ta yi mata ɓarnar da zuriyar mutanenta ba su manta ba. Daga wannan shekara zuwa faɗuwar Sakkwato a hannun Ingilishi a watan Maris na 1903, sarakunan yankin suka gane cewa zamanin da ƙyauren birni ke tsare jama'a ya wuce, kowane mai dukiya kuma ya koma neman abin da zai tsare tasa ƙofar.

Kada a zaci ƙarfen kullewa Turawa ne suka fara kawo shi. Ƙasar Adar, wadda ke arewa da Ƙonni, ta shahara da narka tama, har wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki aikin maƙeranta a fim cikin shekarun 1960, sa'ad da sana'ar ke gab da mutuwa. Da irin wannan ƙarfe maƙeran baƙi suke ƙera sakata da sarƙa da zobba da kuba, ban da garma da lauje da mashi. Fatake kuma sukan zo daga Azbin da 'yan kwaɗuna na maƙeran Buzaye, masu ado da jan ƙarfe da farin ƙarfe, waɗanda ake kulle jakunkunan fata da su, waɗansunsu ma ba sa buɗuwa sai an bi da mabuɗi fiye da ɗaya, wani bayan wani. Kubar maƙeri tana da wani alheri guda, watau wanda ya ƙera ta yana nan cikin gari: in ta cije, a kai masa, ya sa a wuta, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya buga, ya goga da magagari, ta koma aiki.

Malamai kuwa sun ba ƙofa matsayin da ya wuce na katako da ƙarfe. A cikin Risala da Muhtasar, waɗanda almajiran wannan ƙasa ke karantawa a zaurukan malamansu tun kafin jihadi, fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun shardanta cewa ba a tsayar da haddin sata sai abin da aka ɗauka ya kai nisabi, watau rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma an fitar da shi daga hirzi, ma'ana wurin da a al'ada ake ajiye irinsa domin tsaro. Saboda haka alƙali yakan bincika inda kayan yake kafin ya bincika hannun da ya ɗauka. Hadisi kuma ya yi umarni da rufe ƙofofi da dare tare da ambaton sunan Allah, kamar yadda Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Da haka tufaniyar talaka, wadda yaro ma zai iya ture ta, ta sami alfarmar da sallama ke karewa.

Iyakar da ta mai da Illela abin da take a yau a kan takarda aka haife ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ta bar Ƙonni a hannun Ingilishi. Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi da za ta kai su Damagaram, suka nemi gyara, aka yi musu a 1904 da 1906, sa'an nan jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamu har 1908. Ƙonni ta faɗa wancan gefe, Illela da Kalmalo da Araba suka zauna a wannan, alhali kuwa harshe ɗaya ne, aure ɗaya, kasuwanni kuma na juna. Inda duk aka sami kuɗi iri biyu da farashi iri biyu a tafiyar sa'a guda, lalle fatauci ya yi gida a wurin, fatauci kuwa ba ya zama sai da ɗakin ajiya.

Kayan kullewa na Turai sun biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, daga nan motoci da raƙuma da jakuna suka ƙarasa da su. Kantunan kamfanonin Ingilishi da na Faransawa suka cika kasuwa da kwanon rufi da hinji da ƙusa da kwaɗo, galibin na Ingila ƙirar wani gari ne da ake kira Willenhall, wanda sana'arsa ke nan. Daga baya aka sami irin makullin da Linus Yale ya tsara a Amurka cikin shekarun 1860, mai 'yan ƙananan ƙusoshi a ciki waɗanda haƙoran mabuɗi ke ɗagawa, shi ne kakan jamlok da mafi yawan kwaɗunan da ke rataye a kasuwa yau, ko da yake na yanzu daga Sin ake kawo su katan-katan. Aikin ƙyaure ya bar hannun masassaƙi ya koma na kafinta, na sakata ya bar maƙera ya koma wurin mai walda, wanda ke yanka falankin ƙarfe ya haɗa ƙofa sukutum da gidanta a wuni ɗaya ko biyu.

A nan ne cijewa ta samo asali. Makullin kanti an yi shi ne domin gidan da bangonsa ba ya motsi, harshensa yana bukatar ya sami raminsa daidai, kuskuren kaurin tsinken ashana ma ya isa ya hana shi shiga. Sai ga shi an kafa shi a ƙasar da ke da lokaci uku, kowane da tasa ɓarna. Da damina katako ya kumbura ya matse harshen, ƙarfe kuma ya yi tsatsa. Da hunturu katakon ya tsuke, ƙusoshin hinji su yi sako-sako, ƙura ta shiga ramin mabuɗi ta cika shi. Da bazara, sa'ad da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ƙofar ƙarfen da ke fuskantar yamma takan buɗu lafiya da asuba, ta ƙi da la'asar. A ganina, cikin sakatu goma da aka zarga da lalacewa, mafi yawansu zaluntarsu aka yi, laifin na ƙyaure ne ko na bango.

Gwanin kafinta ya san haka, shi ya sa in an kira shi ba ya fara da kwance makulli. Sai ya buɗe ƙofar ya murɗa hannunta tana buɗe, in harshen ya shiga ya fita ba gardama, sai ya dubi mai gida ya ce, "Alhaji, makullinka lafiya lau, ƙofa ce ta zauna." Sa'an nan ya shafa alli ko gawayi a bakin harshen, ya tura ƙofar a hankali, ya buɗe, ya duba inda alamar ta fito a jikin ƙarfen ramin, a sama ko a ƙasa, domin ita ce shaidar da ba ta ƙarya. In a ƙasa ta fito, ya kama ƙyauren ya ɗaga, ya ji hinjin sama yana wasa, sai ya kwance ƙusoshinsa, ya cusa tsinken ashana uku ko huɗu a kowane rami da ya buɗe, ya mayar ya ɗaure tam, ƙofa ta tashi. In wannan bai isa ba, ya sa magagari ya ci gefen ramin kaɗan kaɗan, yana gwadawa, don abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Feren katako shi ne na ƙarshe, kuma mai hankali ba ya yinsa a tsakiyar Agusta, domin ƙyauren da aka fere yana kumbure, in hunturu ya zo sai a ga haske ta gefensa.

In kuwa harshen ya ƙi motsi ko ƙofa tana buɗe, to, ciwon na ciki ne, kuma galibi mai gida ne ya jawo shi da hannunsa, da niyyar alheri. Mutum ya ji makulli ya yi tauri, ya ɗauko man gyaɗa ko baƙin mai ya ɗura. Kwana biyu ya yi santsi, mako biyu ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama kwaɓi, ƙusoshin ciki su manne. Magani shi ne a kwance makullin, a wanke shi da kananzir, a bar shi ya bushe, sa'an nan a kankare bakin fensir a shafa garinsa a jikin mabuɗi, a yi ta sa shi ana zarewa, domin wannan gari yana sa santsi ba ya kama ƙura. In sifirin ne ya karye, a da akan lanƙwasa wani daga tsohuwar waya a sa. Yanzu kuwa, da yake ladan gyaran yakan kusa kuɗin sabon makulli, sai a jefar a sayo wani, masu iya buɗe cikin makulli kuma suna ta raguwa.

Makullin da ya fi kowane cijewa shi ne wanda aka daɗe ba a taɓa ba, Illela kuwa ta san zaman rufe. An rufe iyakokin Nijeriya a 1984 har zuwa 1986. Aka sake rufewa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, Illela tana cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Aka kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Ɗakin ajiyar da damina ta wuce a kansa yana kulle, ranar da mai shi ya zo da mabuɗinsa, yakan tarar tsatsa ta riga shi. A irin wannan hali akan fara da lallashi: a ɗiga kananzir a jira, a bubbuga kwaɗon da guntun itace, a tura ƙyauren ciki a ɗaga shi sama yayin da wani ke murɗa mabuɗi, ba da ƙarfi ba, don mabuɗin da ya karye a ciki ya ninka aiki. In duk wannan ya gaza, sai a kira mai walda da injinsa na yankan ƙarfe, shi kuwa in mai tsoron Allah ne kuma mai tsoron hukuma, ba zai sa wa kwaɗo inji ba sai ya tabbata wanda ya kira shi shi ne mai ɗakin, maƙwabtan shago biyu sun tsaya sun shaida, in kayan amana ne a ciki kuma, a aika a kira shugaban 'yan kasuwar layin ko mai unguwa tukuna.