Kwana Goma Sha Huɗu: Ranar da Aka Tambayi Zango Takarda



A ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta Ghana ta fitar da umarni ga baƙi: duk wanda ba shi da takardar izinin zama, ya nemo ta cikin kwana goma sha huɗu, ko kuwa ya bar ƙasar. Wa'adin ya cika ranar 2 ga Disamba. Dattawan Nima da Sabon Zango da zangon Kumasi har yau suna tuna makonnin nan biyu, kuma ya dace 'ya'yansu su san yadda aka kai ga haka.

Zango ya girmi iyaka. Tun kafin Bature ya ja layi a taswira, fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su koma gida da goro. A wancan zamani izinin fatake shi ne maigida: shi ke saukar da baƙo, ya tsaya masa a ciniki, ya gabatar da shi ga sarki. Da Ingila ta kafa mulki, ita kanta ta ɗebi Hausawa aikin soja da ɗan sanda, wasunsu sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga baya gonakin koko da ramukan zinariya suka jawo leburori daga arewa, har da ƙasashen da Faransa ke mulka. Babu mai tambayar lebura fasfo, domin ƙarfinsa ake buƙata. Ƙidayar 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin ɗari na mutanen Ghana asalinsu daga waje ne.

'Yancin kai ne ya zo da sabuwar tambaya: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Alamar farko ta bayyana tun 1957, lokacin da gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan zangon Kumasi masu adawa da ita, zuwa Nijeriya, alhali suna ƙara a kotu cewa su 'yan ƙasa ne. A 1963 aka kafa dokar baƙi wadda ta wajabta izinin zama, amma ba a matsa a kanta ba, mutane kuwa suka ci gaba da harkokinsu yadda suka gada.

Sai tattalin arziki ya taɓarɓare. Farashin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya a birane, aka fara nuna baƙo da yatsa, ana cewa shi ya cinye kasuwa. Umarnin Busia bai ƙirƙiro sabuwar doka ba, tsohuwar ya ɗauko ya kaɗe mata ƙura. Matsalar ita ce, kafin a ba mutum izinin zama sai ya nuna takardar ƙasarsa, kuma akasarin mutanen zango ba su taɓa riƙe fasfo ba. Wani a Kumasi aka yanke cibiyarsa, amma ba shi da takardar haihuwa da zai kafa hujja. Aka yi dafifi a ofisoshin jakadanci, aka sayar da gidaje da rumfuna da araha, motoci suka cika da mata da yara. Ɗaruruwan dubbai suka fita, galibi 'yan Nijeriya, Yarabawa da Hausawa, tare da mutanen Togo da Nijar da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. A 1970 wata doka ta biyo baya, ta keɓe ƙananan sana'o'in ciniki ga 'yan ƙasa kaɗai. Masu gonakin koko kuwa suka wayi gari suna neman hannun da zai yi musu girbi.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Nijeriya, kusan mutum miliyan ɗaya 'yan Ghana suka kamo hanyar gida. Jakar nan mai zane da muke zuba kaya a cikinta daga nan ta samo sunanta. Abin lura, wannan ya faru ne bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a 1979 kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza har kwana 90. Izinin shiga daban, izinin zama da aiki daban, kuma a wannan giɓin ne talaka ke faɗawa.

Giɓin yana nan har gobe. A Ghana, wanda ba ɗan ƙasa ba yana buƙatar izinin aiki da na zama daga hukumar shige da fice, ƙarƙashin dokar 2000. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe tallar kasuwa da ƙaramin kiri ga 'yan ƙasa, abin da ke jawo rufe shagunan baƙi lokaci zuwa lokaci. Ma'aikacin da ba shi da takarda kuwa, in aka danne masa albashi, tsoron kora ke hana shi kai kuka ofishin ƙwadago. Shi ya sa mai cin guminsa ke son ya zauna haka.

Don haka, wanda aka haifa a nan ya riƙe shaidarsa, ya yi wa jariri rajista tun da ɗumin suna, ya adana takardun iyaye da kakanni, domin tsarin mulkin 1992 ta wajensu yake duba zama ɗan ƙasa. Ɗan uwan da ya zo ci-rani daga Maraɗi ko Sakkwato, maigidansa ya fara kai shi neman izini kafin ya kai shi wurin aiki. Kakanninmu sun tsaya wa baƙonsu a gaban sarki, mu kuma a gaban ofis za mu tsaya masa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.