Rediyo da Mutanen Kilomita Biyar a Bangui

Wanda ya tashi daga tsakiyar birnin Bangui na Afirka ta Tsakiya ya miƙe titin Barthélemy Boganda, tafiyar kilomita biyar za ta kai shi unguwar da ke riƙe da cinikin birnin. Mutanen gari na kiranta PK5, wato Kilomita Biyar. A nan babbar kasuwa take, da babban masallacin Juma'a, kuma nan Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi suka kafa gidaje tun zamanin mulkin Faransa. Kakannin Hausawan wurin akasari fatake ne da suka biyo ta Garwa da Ngaundere da kayan koli da tufafi, wasu kuma dillalan shanu.

Falke ba ya rabuwa da neman labari. Yana so ya san hanyar da ta buɗe da wadda ta rufe, da sarkin da ya rasu a gida, da halin da kuɗi ke ciki. Gidan rediyon ƙasar ya fara aiki a 1958, da Faransanci da Sango, harshen da kusan kowa ke ji a Afirka ta Tsakiya. Sai dai tun da wuri ya zama bakin mai riƙe da mulki. A daren shiga shekarar 1966, da Kanar Jean-Bédel Bokassa ya kifar da gwamnatin David Dacko, ta wannan gidan ya sanar da jama'a cewa soja sun karɓi ragama. Daga nan mai sauraro ya koyi cewa abin da zai ji shi ne abin da fada ke so a ji.

Shi ya sa gajeren zango ya yi farin jini a irin waɗannan unguwanni. Sashen Hausa na BBC ya buɗe ranar 13 ga Maris, 1957, da shirin minti 15 a muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga kuma tashar Garwa a Kamaru mai shirye-shirye da Hausa da Fulatanci. Duk wanda ya zauna a zango ya san yadda abin yake: akwatin rediyo mai batir a kan teburin mai shayi, an zare eriya an ƙara mata guntuwar waya, ana murɗa maɓalli a hankali har murya ta fito daga cikin shuuu. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. Mutumin da aka haifa a gaɓar kogin Ubangi, wanda bai taɓa ganin ganuwar Kano ba, zai ji Zaɓi Sonka daga Kaduna, ya ji ana gaishe da mutanen garin kakansa. Ta haka Hausa ta ƙara zama daram a bakin 'ya'yan da ke ciniki da Sango duk yini.

Amma London da Kaduna ba za su gaya wa mai shago ko titin Koudoukou na unguwar ya biyu yau ba.

An ga wannan giɓin a 1996, lokacin da sojoji suka yi bore har sau uku a kan gwamnatin Ange-Félix Patassé, da farko saboda albashin da ba a biya su ba. Bangui ta rabu gida-gida, jita-jita ta fi harsashi gudu. A 1998 Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo rundunar MINURCA, wadda ta buɗe tashar rediyo tata. Da rundunar ta tattara kayanta a farkon 2000, sai wata gidauniya ta ƙasar Suwizalan mai suna Hirondelle ta ɗauki gadon. 'Yan jarida ne suka kafa gidauniyar a 1995, bayan sun ga yadda tashar RTLM ta riƙa zuga kisan kiyashi a Ruwanda, suka ƙudura cewa kayan aikin da aka yi ɓarna da shi za a iya yin gyara da shi. Ranar 27 ga Maris, 2000, Rediyo Ndeke Luka ta fara magana a zangon FM, da Sango da Faransanci, kuma 'yan ƙasa ne ke gabatar da labaran. Masu sauraro a Nijar sun san ƙanwarta, Studio Kalangou ta Yamai, wadda gidauniyar ta buɗe a 2016, har da shirye-shiryen Hausa.

Ndeke Luka ta ga juyin mulkin François Bozizé a Maris 2003, ta ga shigowar 'yan tawayen Seleka ranar 24 ga Maris, 2013. Amma babbar jarrabawa ta zo ne daga 5 ga Disamba na wannan shekarar, da mayaƙan sa-kai na Anti-balaka suka auka wa birnin. An shiga farautar Musulmi unguwa-unguwa, aka rusa masallatai, manyan motoci suka riƙa kwasar dubban mutane zuwa Chadi da Kamaru. Waɗanda suka rage, kimanin 15,000, suka taru a Kilomita Biyar, ba shiga ba fita. A irin wannan hali sanarwar cigiyar ɗan'uwa, ko labarin cewa ayarin motoci ya isa Garwa-Bulai lafiya, ya fi duk wani sharhin siyasa daraja. Ta rediyo kuma jama'a suka riƙa jin Imam Omar Kobine Layama da Akbishop Dieudonné Nzapalainga da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou suna kira da murya ɗaya a ajiye makamai, a lokacin da faɗin haka ke iya jawo wa mutum asarar rai.

Ba a rasa ƙorafi ba. Mazauna PK5 sun daɗe suna kukan cewa kafafen labarai na birni ba sa tuna unguwarsu sai an yi harbi, kuma ana yi musu kallon baƙi ko da kakanninsu a nan aka binne su. Kukan yana da tushe. Tsohuwar da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi ya fi zauna mata a baki ta cancanci jin labarin titinta da harshenta, kamar yadda gidan rediyon gwamnatin Gana ya daɗe da sanya Hausa cikin harsunan shirye-shiryensa domin mutanen zango.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2015, Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin unguwar, duniya ta ji sunan Kilomita Biyar a kan wani abu da ba gawa ba. Yanzu muryoyi sun yawaita a zangon FM na Bangui: akwai Guira FM ta rundunar MINUSCA ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2014, da Lengo Songo da aka buɗe a 2018 da kuɗin Rashawa, ga saƙonnin murya na WhatsApp da ke yawo a wayoyin matasa babu mai tantance su. Wutar da ke zuwa daga madatsar Boali ba ta wadatar da birnin, kuɗin intanet kuma ya fi ƙarfin talaka, don haka har gobe ƙaramin rediyo mai batir na cikin kayan da ake sayarwa a rumfunan kasuwar PK5.