Kakin Zuma Da Atamfar Lefe

'Yar'uwa mai karatu, idan aka buɗe akwatin lefe ana ɗaga turame ana cewa wannan Holan ce, wannan Super ce, ba mai tuna cewa da kakin zuma aka fara zanen nan. Eh, kakin nan dai da masu amya a Unguwar Tudu da ƙauyukan Gwarzo da Kabo kan watsar bayan danga idan sun matse zuma.

Zane da kaki ya daɗe. A Masar, yankin Fayum, kusan shekara 2,000 da suka wuce, masu zane kan narka kaki su gauraya da launi, su shafa a allon katako da hanzari, don da ya huce shi kenan ya daskare. Fuskar mutum suke zanawa a ɗora kan gawarsa. A 1888 wani Bature ɗan Ingila, Flinders Petrie, ya tono su a Hawara, launi kamar jiya aka shafa, har 'yan kunnen matan raɗau.

Tamu atamfar kuwa daga tsibirin Jawa na Indunusiya ta samo tushe. Can mace kan ɗebi narkakken kaki a ɗan mazubin tagulla mai siririn baki, ta zana fure a farin yadi, sannan a tsoma a rini, duk inda kaki ya taɓa baba ba ya kamawa. Dabarar marinan Ƙofar Mata ce sak, sai dai namu da zare suke ɗaurewa. Turawan Holan da suka mallaki ƙasar suka ce bari su yi da inji su sayar musu, cikinsu har da kamfanin da aka kafa a Helmond a 1846, wanda ya zama Vlisco. To, sai kakin ya riƙa tsagewa, rini ya bi tsagar ya bar jijiya-jijiya a jikin yadi, mutanen Jawa suka yatsina fuska. Wajen 1890 'yan kasuwa suka karkato da hajar ƙasar da yanzu ake kira Gana, matan can suka ce ai wannan jijiyar ita ce kyan abin. Ikon Allah!

Mu ma mun yi tamu. A 1964 aka kafa masaƙar UNTL a Kaduna, dubban magidanta suka ci abinci a ciki, a 2007 ta rufe, Allah Sarki. Yau mafi yawan abin da ke Kantin Kwari daga Sin yake, kaki bai ko shaƙi ƙanshinsa ba, jijiyar ma inji ne ya buga ta a fuska ɗaya. Shi ya sa za ki ga tsohuwa a wajen karɓar lefe ba ta duba gaban turmi, bayansa take juyawa, don wadda aka tsoma a rini ciki da bai duk launi ɗaya ne.